Matar da Ke Kwance a Cikin Waya

Daminar da ruwa ya ci mana rabin shinkafa ce ciwon Inna ya tashi. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi sai da ƙyar. Ni da ƙanwata muka ɗauko ta daga Malam Madori zuwa wani asibiti a Haɗeja, likita ya duba ya ce a ba ta gado.

A shekarar ne aka kawo musu ci gaba. Da can, in ana neman gado, malamar jinya ce za ta leƙa ɗaki ta gani da idonta. To an gano ido kayan ƙauye ne, sai aka sa musu manhaja a waya: gado mai mutum ja, wanda babu kowa kore. Malamar da ke bakin ɗakin mata ta shafa wayar ta juyo mini da ita. Jawur, kamar an shanya tattasai.

"Malam, babu gado. Na sa ta a layi."

Na leƙa ciki. Ga gado can kusa da taga, ko ƙuda babu a kai.

"Sista, wancan fa?"

"Da mutum."

"Aljana ce?"

"Ni dai abin da waya ta ce ke nan."

Na roƙe ta Inna ta ɗan kwanta kafin aljanar ta dawo. Ta ce in na sama suka zo zagaye suka tarar da wata daban a kai, bakin aikinta ke nan. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a baranda, inda feshin ruwa ke samunmu. Ba ta iya kwanciya sosai, sai na zauna a bayanta ta jingina da ni. Ina jin yadda ƙirjinta ke kokawa da iska, tsoro kuwa ya cika ni.

A kwana na uku wata dattijuwa mai shara ta warware mini. Mai gadon, in ji ta, 'yar wani ƙauye ce bayan Miga. Ta ji sauƙi, ga tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonarsu, mijinta ya zo ya tafi da ita ba sallama. Mutanenmu ai haka suke, da jiki ya yi dama sai gona. Manhajar kuwa ba ta sakin gado sai likita ya sallami mara lafiya yana ganinsa, ko a danna cewa ya gudu. Wanda ya danna gudu kuma takardar tuhuma ce za ta biyo shi, ya faɗi inda yake har aka fita da mutum. Shi ya sa baiwar Allah ta yi kwana tara tana jinya a cikin waya.

Na bar Inna da ƙanwata na kama hanya. Mota ta tsaya inda ruwa ya yanke titi, na hau kwale-kwale muna ratsa ciyawar kacala. Na tarar da mara lafiyar a bakin gona tana kaɗa gwangwani tana korar tsuntsaye, ta fi ni ƙarfin murya. Da na yi wa mijinta bayani, ya daɗe yana kallona.

"Wato mu koma asibiti don a ce mana mu tafi gida?"

"Haka ne, Baba."

"To Allah ya kyauta. Boko dai bai yi muku rana ba."

Amma mutumin kirki ne. Da ya ji uwa ce a kan tabarma, ya ce wa matar ta ɗauko mayafi.

Washegari da hantsi ta hau gadon da taɓon gona a ƙafarta. Likita ya zo ya tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi, ya yi mata murnar wannan saurin warkewa, ya sallame ta. Na tsaya a kan malamar ina kallon wayar. Ɗigon gadon ya koma kore. Wallahi har na juya zan kira ƙanwata ta naɗe tabarma, sai ya sake yin ja.

"Waya ta ba wa ta farkon layi gadon," in ji malamar. "Innarku ce ta huɗu."

"Ina ta farkon take?"

Ta kira sunan sau uku, shiru. Mai shara ta ce ai waccan ta gaji da jira, tun ranar Lahadi 'ya'yanta suka mayar da ita Kaugama.

Na yi faɗa, na faɗi maganganun da ban taɓa gaya wa mace ba. Idon malamar ya ciko, na gane ita ma baiwar wayar ce. Inna ta jawo bakin rigata.

"Kai, bar 'yar mutane. Kai ni gida in kwanta a gadona."

Ban je Kaugama ba. Na ɗauke ta muka tafi, mu ma ba sallama. Kafin a yanki shinkafar da ta rage muka binne Inna, kuma babu wanda ya cire ta daga layi.