Batirin da ke Kunnen Auta

Auta ya kai shekara uku da rabi bai ce "Umma" ba. In yana son ruwa sai ya ja bakin zanena zuwa gaban firij, ya nuna. A gidanmu na unguwar Sih ba wanda ya ɗauki abin da zafi, domin mun saba da yaron da ba ya amsawa. 'Ya'yanmu haifaffun Madina haka suke: ka yi musu Hausa su dube ka, in sun ga dama su mayar maka da Larabci, in ba su ga dama ba su wuce abinsu. Sai shirun Auta ya ɓuya cikin shirun yayyensa.

Goggon maigidana, wadda ta zo daga Sudan tun da ƙuruciyarta, ita ta yanke hukunci. "Ku kuka cika masa kai," in ji ta. "Uwa Hausa, uba Larabci, talbijin kuma wani yare. Da wane bakin zai fara? Ku bar yaro ya zaɓa."

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ina cikin wanke-wanke sai in bari, in je in leƙa shi, in dawo in tarar famfo na zuba. Wata maƙwabciyata ta matsa mini har na karɓo takardar mau'idi, wato ranar ganin likita, a mustashfa, asibiti ke nan, a duba kunnensa. Takardar tana cikin jakata.

A tsakanin nan ne babbar 'yata ta zo da aikin makaranta. An ce su haɗa batir irin wanda aka fara yi a duniya. Babansu mai gyaran wutar mota ne, warsharsa, wato garejinsa, tana wajen Kuba, shi ya kawo mata ƙananan faya-fayan jan ƙarfe da na tutiya. Ta yayyanka tsohon ɗankwalina, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta riƙa jerawa a kan faranti: jan ƙarfe, tsumma, tutiya, jan ƙarfe, tsumma, tutiya. Da ta ɗaura waya sama da ƙasa, sai uban ya karɓa ya ɗora bakin wayoyin a harshensa, yadda yake gwada ƙaramin batir tun da na san shi. Ya yamutsa fuska.

"Akwai wuta," ya ce.

Yarinyar ta fashe da dariya. "Wallahi Baba, mutumin da ya ƙirƙiro batirin ma da harshe ya riƙa gwadawa!"

"To ashe ɗan warsha ne. Ki gaya wa malamarku abokin sana'armu ne, gilashin ido irin na 'yan boko kawai ya fi mu."

Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, karatuna a hankali yake tafiya, don haka na ce ta ba ni labarin mutumin da baki. Ta bayar, rabi Hausa rabi Larabci. Ba'italiye ne, an haife shi a wani gari da ke bakin tafki, sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Wani malami a ƙasarsu ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi in ƙarfe ya taɓa ta, ya ce wutar a jikin kwaɗon take. Shi kuma ya ce a'a, daga haɗuwar ƙarafa biyu take, ya jera abin nan don ya nuna. Mai mulkin Faransa ya girmama shi. Da ya tsufa ya koma gonarsa ya zauna har ya mutu. Harafin bokon nan da ke bayan lamba a jikin kowane batir, farkon sunansa ne.

Sai ta ƙara, tana tattara tsummokara, "Ummi, an ce ma bai yi magana ba sai da ya kai shekara huɗu. Danginsa sun ɗauka bebe ne."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ɗauko littafin ajina na rubuta huɗu a bangon baya, na zagaye ta.

Ranar mau'idi ta zo, ban je ba. Maigida ya tambaya, na ce masa mutumin Italiya ma sai da ya kai huɗu. Na gaya wa maƙwabciyata, na gaya wa matan ajinmu. Goggo ta ce, "Ba na faɗa ba? Mai ƙwaƙwalwa ba ya gaggawar baki." Amma natsuwar ba ta zo ba. Na koma lissafin wata. Ina shafa masa dabinon Khaibar a dasashi, ina ba shi zamzam, ina kallon bakinsa kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Ya cika huɗu cikin Sha'aban. Mako ya wuce, wani ya biyo.

Wata rana da la'asar yana zaune yana tura ƙaramar mota, ya ba ni baya. Na kira shi. Na matso na sake kira. Ko gezau. Sai ga babansa ya turo ƙofar ƙarfe ta bugu da bango, ya kwaɗa sallama da muryar nan tasa ta warsha. Nan take yaron ya juya. Na zauna a inda nake tsaye. Ni mace ce mai ƙaramar murya, ko a aji kullum malama cewa take in ɗaga. Ashe Auta yana jin ƙofa, yana jin ubansa, ni ce bai taɓa ji ba. Duk rarrashin goyo, duk addu'ar da na tofa masa, shekara huɗu bakina kawai yake gani yana motsi.

Sai da muka jira wata biyu kafin sabon mau'idi. Likita ya ce jinsa da rauni a kunnuwa biyu, kuma da an zo da wuri da ya fi. Bai faɗa da faɗa ba, amma na ji ta har ƙashina. Kwanaki ina jin haushin mutumin Italiya, mamacin da bai san da ni ba. Daga baya na ga ba shi ya ce in jira ba. Uwarsa ba ta da inda za ta kai shi. Ni kuwa da takarda a jaka.

Ranar da za a sa masa na'urar ji, wadda a nan ake kira samma'a, wata ma'aikaciyar asibitin ta nuna mini batirinta, bai fi ƙwayar wake ba. A jikin kwalin na ga harafin nan. 'Yata ta karanta ta ce har da tutiya a ciki. Matar ta maƙala masa a kunnuwa biyu, ta ce in tsaya bayansa in yi magana da muryata ta kullum, kada in ɗaga. Sai na ce abin da nake ce masa kowace safiya.

"Auta, ka tashi lafiya?"

Ya daina wasa da kujera. Ya juyo yana nema, ya dubi matar, ya dubi yayarsa, sannan ya dube ni. Na sake faɗa. Ya miƙo hannu ya ɗora yatsunsa a leɓena.

Yanzu shekararsa shida. Maganarsa tana zuwa, da gyara a cikinta, muna zuwa wajen mai koya masa furuci. Har yau ban iya zama ba. Ina da batir a jaka, ina da wani a ƙullin mayafi, in muna Harami ma hannuna yana kai wa ƙullin. Goggo ta ce in riƙa shanya matattun a rana kamar na rediyo, za su farfaɗo. Na ce to Goggo, ban kuwa taɓa yi ba.

In batirin ya mutu, Auta da kansa yake zuwa ya nuna kunne. In canza, in koma bayansa in yi ƙasa da murya in ce, "Kana ji na?" Shi kuwa ko juyowa ba ya yi. "Sami'tik, Umma," yake cewa, wato na ji ki, da Larabci kamar yayyensa, ya koma kan motarsa.