Ɗakin Baƙi da Lasisin Sharfuddeen

Sharfuddeen ɗan unguwar Harra ta Gabas ne a Madina, jikan wani Bakatsine da ya zo aikin Hajji bai koma ba. Ya yi karatun ƙasa da duwatsu a Jidda, ya dawo Madina farkon shekarun casa'in. Aikinsa, kafin a ɗora otal ko makaranta, shi zai haƙa rami ya ɗebo ƙasa, ya auna, ya faɗi ko za ta ɗauki ginin. Shi ke haƙa, shi ke rubutawa, amma hatimin da ake bugawa a ƙarshen takarda na Abdulrauf ne, maigidansa, don shi ke da lasisi. Sharfuddeen sai albashi.

Lasisin nan akwai tsada. Ga kuɗin nema, ga na kayan awo, sannan sai kana da ofis mai ƙofa bakin titi, wanda jami'i zai zo ya gani da idonsa. Kayan awo suka cinye motarsa. Na haya babu. Sai ya sa ido kan ɗakin ƙasa na gidansu.

Shi kuwa ɗakin nan, tun zamanin kaka na baƙi ne. Duk alhajin da ya zo daga Katsina ko Maraɗi ya ambaci sunan gidan, nan zai kwana, ba ko sisi.

"Ummi, 'yan watanni ne kawai, su zo su duba, halas, shi ke nan."

"To, muhandis," wato injiniya, in ji mahaifiyarsa, Hajiya Safiyatu. "Zuba duwatsunka. Amma ran da baƙon Manzon Allah ya buga ƙofa, ni ban san wani ofis ba."

Ya yi fenti, ya kafa allo, ya jera ledojin ƙasa a kanta, kowace da lambar raminta. Ya biya kuɗin nema, ya zauna jira. Jami'i bai tashi zuwa ba sai da jiragen alhazai suka fara sauka.

Sharfuddeen na wurin haƙa aka kira shi gida. Ya tarar da jami'in tsaye bakin ƙofa, ya ƙi shiga. Ciki katifu har gindin tebur, an shanya riga a kan ma'auni. Wani dattijo Bamaraɗe, Malam Balarabe, ya baje ƙasa a faranti yana ƙulla ta ƙulli-ƙulli.

"Baba! Me kake yi haka?"

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Muna ta tunanin ina za mu samu ƙasar Madina ta tsaraba, ashe ka tankaɗe mana, har da leda."

"Ta aiki ce, Baba! Kowace da raminta!"

"Ai mun haɗe su. Ba duk Madina ba ce?"

Jami'in ya tambaya da Larabci, nan ofis ne ko masauki? Kafin Sharfuddeen ya buɗe baki, Hajiya ta amsa daga bayan labule: "Masauki ne, ya waladi. Ofishin aro ya yi." Mutumin ya yi ɗan rubutu, ya yi sallama. Kuɗin nema ba a mayarwa.

Sharfuddeen bai yi wa kowa faɗa ba. Ya sake haƙa ramukan, ya koma ƙarƙashin hatimin Abdulrauf, ya daɗe a can har furfura ta fito masa a gemu.

Da Hajiya ta rasu, Abdulrauf ya zo ta'aziyya, ya leƙa ɗakin. "To, ga ofis Allah ya ba ka kyauta. Sai ka rabu da ni."

"Rabuwa kam zan yi," in ji Sharfuddeen. "Amma ba a nan ba."

Shago ya kama haya a unguwar Bani Harisa, ƙarami, mai tsada, ya sake biyan kuɗin nema daga farko. A can lasisin ya same shi, shekara ta dubu biyu da huɗu. Motar bai mayar ba, tasi yake hawa.

Ɗakin ƙasa yana nan da katifunsa. Bakin ƙofa akwai bokiti cike da ƙasar da aka gama awonta, da ledoji a gefe.