Ranar da Na Manta Hanyar Gida

Lokacin ina aikin lauya a wani ofishi a Sultana, shari'o'i sun yi mini yawa har barci ya ƙaurace mini. Wata rana bayan la'asar na taso zan koma gida Bani Harisa, na tsaya a danja, sai na rasa inda zan bi. Motoci suna ta danna mini hon. Na kira matata.

"Maman yara, na manta hanyar gida."

Ta ce, "Gangara gefe, yayana zai zo."

Likita ya ce gajiya ce, ya ba ni hutu. Na daɗe ban yarda da shi ba.