Waƙar Indiya a Gonar Gwaggo

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida wayata ta yi ƙara, na danna da bayan yatsa ban ko duba ba. Sarewa ce ta fara tashi, sai wata 'yar ganga ta biyo ta. Kafin mai waƙar ta buɗe baki hannuna ya tsaya cak cikin faranti. Ana cewa ƙamshi kan mayar da mutum gida. Ni dai sauti ne ya yi mini haka, kuma bai yi mini da sauƙi ba.

Muna da wani guruf na hira a waya, na tsofaffin 'yan ajinmu, an buɗe shi don zumunci amma ya koma kasuwar waƙoƙi. Duk Juma'a sai wani ya jefo tambaya, me kuke saurare wannan makon, daga nan a yi ta zubawa. Akwai ɗaya a cikinmu, furfura har a gira amma bai san ya girma ba, shi sana'arsa farauto waƙa ɗaya cikin harsuna daban-daban. Ranar nan wata tsohuwar waƙar Indiya ya tono. Ya turo ta asali, ya turo yadda Turkawa suka juya ta, ya turo ta Larabawa, har da wata da ya rantse ta mutanen Indonesiya ce. Aka yi ta gardamar wadda ta fi daɗi. Ni kuwa na san wata da ta fi su duka, kuma babu ita a wayar kowa.

Ƙauyenmu yana can bayan Ƙarfi. Idan dawa ta shiga rumbu sai mata su fita cirar auduga, da sassafe, raɓa na jiƙa zani har gwiwa, ɓawon audugar na sukar yatsa. Gonar gidanmu doguwa ce, ta gangara har bakin rafi, kuma audugar kan yi tsayin da in mace ta duƙa ba a ganinta. A can ƙarshen gonar maciji ya sari mahaifiyata, ina rarrafe. Ba wanda ya ji ta. Kowa ya ɗauka ta koma gida ba ni nono, sai da rana ta take aka same ta. Ban san fuskarta ba, hoto kuwa a lokacin sai mutanen birni.

Gwaggo, yayar Baba da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ta ɗauke ni. Tun daga ranar ta kafa doka a gona. Lokaci-lokaci takan miƙe ta kira matan ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarama, kowace ta amsa da bakinta. Ba a amsa wa wata, ba a tsallake kowa. In an kira ki ba ki amsa ba, kowa ta ajiye buhunta a neme ki. Matan ba su so abin ba, don Gwaggo in ta ɗaga murya sai ka ce birai take kora daga masara. Amma wa ya isa ya ja da ita?

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas Baffa, ƙanen Baba da ke aiki a kamfanin gurzar auduga a Funtua, ya zo hutu da rikoda. Bayan la'asar ya ɗora ta kan turmi, gida duk ya taru: masu zuwa coci, masu zuwa masallaci, har Kaka da bai taɓa barin al'adar iyayensa ba. Baffa ya tura kaset, yana kaɗa kai kamar a can aka yanke masa cibiya. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, hannu a haɓa.

"Me take cewa?" ta tambaye shi.

Baffa ko kalma ɗaya bai sani ba, amma ya ce, "Soyayya ce, Yaya."

"Ƙarya kake. Kira take yi. Ka ji inda take tsayawa sarewa ta shiga? Jira take a amsa mata, ba kowa. Baiwar Allah, ita kaɗai suka bari a gona."

Washegari da Gwaggo ta miƙe za ta yi kira, da muryar waƙar nan ta yi shi. Ta ɗauki karin yadda yake, ta zuba masa Hausa, kowace mace da baitinta, kuma a gurbin sarewa sai wadda aka kira ta amsa. Matan da ke gunaguni suka koma jiran a zo kansu. Babu wadda Gwaggo ta ƙyale. Matar babban yayanmu, amarya ce a lokacin, ita aka ce tana cika buhu da surutu, ita kuma takan amsa cewa ko da surutun buhunta ya fi na Gwaggo nauyi. Sai gona ta ɗauki dariya. Baffa da ya ji labari ya ce an ɓata masa waƙa. Gwaggo ta ce an dai samar mata dangi.

Ni ce auta, baitina ne na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne babu zolaya a cikinsa. A nan Gwaggo ke sauke murya ta siffanta mahaifiyata: tafiyarta, dariyarta, irin abin da takan ce in ta ji haushi. Matan kan dakata da cira. Ni kuwa yarinya ce, hankalina duk yana kan lokacin da zan ƙwala amshina, "Ina nan, ban yi nisa ba!" Kullum ana rera mini uwata a kunne, na ɗauka abin ba zai ƙare ba, kamar rafi. Yau in kun matsa mini, abin da zan iya kawowa bai wuce wushirya da wani tulu da ta fasa ba. Makarantar kwana ta ɗauke ni, aure ya kawo ni Funtua, sauran ya zube a hanya.

'Yata ta fari tana da ciki, kuma ta ce in mace ce sunan mahaifiyata za a sa. Ta tambaye ni wace irin mace ce. Wushiryar da tulun kawai na iya ba ta. Shi ya sa da waƙar nan ta shigo wayata na ga kamar Allah ne ya aiko ta. Ranar Asabar na hau mota zuwa Malumfashi.

Gwaggo tana can yanzu, a ɗaki ɗaya a gidan ɗan Baffa. Ƙauyenmu ya watse. 'Yan bindiga sun zo, sun sake zuwa, har mutane suka gaji da binne nasu suka kwashe abin da ya saura. Gonar da ta ciyar da mu ta koma daji. Manyan matan da ke farkon kira duk sun riga mu gidan gaskiya, wasu da ciwo, wasu da baƙin ciki. Matar Yaya kuwa, babban yayan namu, a hanyar rafi aka ɗauke ta, damina biyu ke nan. Ba a kira waya ba, ba a ga ko ɗankwalinta ba.

Na same ta a bakin ƙofa tana shan hantsi, ta rame, idanun sun yi fari. Na kai mata rake irin na Danja, ta ce da wane haƙori. Bayan mun gaisa na kunna mata ta Turkawa, ta yamutsa fuska. Na kunna ta Larabawa, ta ce wannan sauri yake kamar ana binsa. Da na sa ta asali sai ta gyara zama.

"Har yanzu ba a amsa mata ba?" ta ce.

"Gwaggo, baitina nake so. Jikarki za ta haihu, ina so in ɗauka a waya."

Ta yi gyaran murya. Muryar ta tsufa, amma karin yana nan yadda na san shi. Ba ta kira waɗanda aka binne ba, don su an san inda suke. Ta fara da matar Yaya, mai cika buhu da surutu. Ta kai ƙarshen baitin ta tsaya, ta karkata kunne wajen ƙofar gida.

Babur ya wuce a titi. Wata akuya ta yi kuka a maƙwabta. Gwaggo tana jira.

"Ki ci gaba, Gwaggo," na ce. "Ko ni in amsa mata."

"Ba a amsa wa wata."

"To ki tsallake ta, yau kaɗai."

Ta juyo da fararen idanun nan inda nake. "Kin ga gawarta?"

"A'a."

"To haka aka yi wa uwarki, ɗiyata. Kowa ya ce ai tana gida."

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce to ta bar waƙar, ta faɗa mini kalmomin kawai kamar hira. Ta yi ƙoƙari, na ga leɓenta na motsi. Sai ta girgiza kai ta ce ba a ajiye suke ba, amshin wannan ne ke jawo baitin waccan, kamar zare, in ya tsinke a tsakiya ba ka kamo ƙarshensa. Ban san ko gaskiya ta faɗa ba ko taurin kai ne. Na fi tsoron gaskiya ce. Da zan tafi ta riƙe mini hannu ta ce in an ji labari in zo mu ƙarasa.

Na koma sau da yawa tun daga nan. Kullum a wuri ɗaya take tsayawa, kuma kullum ƙarfinta raguwa yake. Ba na sa ran labari, ba wanda ke sa rai sai ita. Abin da ke ci mini rai shi ne, waƙar wata baƙuwa ta zaga duniya, kowace ƙasa ta sa mata harshenta ta adana, ɗan ajinmu na iya tono ta yana kwance a kujera. Tamu kuwa, wadda aka yi don kada kowa ya ɓata, tana cikin ƙirjin tsohuwa ɗaya, kuma ƙofar tana hannun matar da ba a san inda take ba.

Juma'ar da ta wuce aka sake tambaya a guruf, me kuke saurare. Ban rubuta komai ba. Na kunna ta asalin ina wanke-wanke, matar nan ta yi kiranta, ta tsaya. A gurbin sarewa na ji bakina ya ce, a hankali don kada yara su ji, "Ina nan, ban yi nisa ba."

Ba ni aka kira ba.