Tagar Taƙiyya

Duk wanda ya girma a tsohon garin San'a, ko bai san fuskar Usɗa Hizam ba (Usɗa laƙabin gwanin sana'a ne), ya taɓa zama cikin haskensa. Shi ne mai yin ƙamariyya, tagar nan mai siffar rabin wata ta farin gus, wani gari mai kama da farin siminti, da gilasai masu launi, wadda ke saman tagogin gidajenmu.

Gus kuwa ba ya jiran kowa. Da an kwaɓa garinsa an shimfiɗa a kan allo, sai ya ɗau ɗumi ya fara ƙamewa, dole a yanke duk gurabun gilashin da wuƙa kafin ya zama dutse. Hizam a ƙuruciyarsa har tsokanarsa yake yi. Sai ya barbaɗa gishiri a kwaɓin don ya ƙara saurin kamawa, ya kuma riga shi gamawa yana hira da 'yan kallo. Fankama ce zalla, amma wa ya isa ya faɗa masa?

Sai dai a ɗakin saman gidansa, gurbin ƙamariyyar toshe yake da katako tun ranar da aka kawo masa amaryarsa Taƙiyya. In ta tambaya ya ce, "Bayan Sallah." Sallolin da suka wuce a kan wannan alkawari Allah kaɗai ya san yawansu.

Tsufa ya same su tare. Shi hawan jini ya shanye masa hannun dama, ita kuma yanar ido ta fara rufe mata gani, har ta kai sai abu mai haske sosai take gani. Ranar da ta zuba masa gishiri a shayi a maimakon sukari, bai yi dariya ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoron kada idon ya rufe ba ta ga tagarta ba.

Ya gwada yin tagar da hagu. Bai kai rabin zanen ba gus ya ƙame, wuƙa ta tsaya cak. Ya sake kwaɓawa, aka sake kayar da shi.

"Alhaji, yau kuma wa ya ci?" in ji Taƙiyya daga bakin ƙofa.

"Ke dai bari. Abin da na raina ne yake ramawa."

"To ka roƙe shi ya jira ka mana. Ni da na jira ka, mutuwa na yi?"

Ya san ruwan lemon tsami na sa gus jinkiri, shi ne ma kan gaba wajen yi wa masu sa shi dariya. Ya haɗiye girman kai ya matsa da yawa. Gus ya yi laushi har azahar, ya yanke zanensa a tsanake, ya ji kamar ya koma saurayi. Da tagar ta bushe aka zo ɗagawa, sai ta ruguje a hannu kamar busasshen burodi. Lemon da ya ba shi lokaci, shi ya cinye ƙarfin.

Ya zauna a kan ɓaraguzan, hawaye na bin gemunsa. Taƙiyya, wadda sana'arta haɗa turaren wuta, ta laluba ta ajiye masa kwanon jiƙaƙƙen ƙaro a gabansa.

"Abin da ke riƙe mini turare, garinka zai gagare shi?"

"Haba tsohuwa, gus ba kayan ƙamshin mata ba ne."

"Allah sarki, Usɗa! Naka na maza ai ga shi nan a ƙasa."

Ya jera ƙananan curin gus a kan katangar soro, kowanne da nasa ma'auni. Mai ƙaro da yawa ya ƙi bushewa, mai lemo da yawa ya yi gari. Yana bi yana karta su da farce, yana jefarwa ƙasa, har ya dace da wanda aka sa wa lemo ɗigo kaɗan da ruwan ƙaro daidai misali. Wannan ya jira hannun hagu, da ya bushe kuma farce ya kasa kama shi.

Bai yi irin ƙananan furannin da suka yi masa suna ba. Manyan gurabu ya yanke, ya zaɓi gilashi ja da ruwan ɗorawa mafi kaifi, irin waɗanda idonta zai iya kamawa. Maƙwabta biyu suka ɗaga tagar daga allon, shi kuwa ya kau da kai don ba zai iya kallo ba. Ba ta ko tsage ba. Aka ɓalle tsohon katakon, aka dasa ta.

Da hantsi ya riƙo hannun Taƙiyya suka hau matakala, ya zaunar da ita inda rana ke faɗowa. Launuka suka zubo mata a cinya. Ta daɗe tana jujjuya tafin hannunta a cikinsu.

"Wannan ja ne," ta ce. "Hizam, wallahi ja ne! Ga ɗorawa can!"

Ta share ido da gefen mayafi, ta gyara zama.

"Ashe dai Sallar ta zo," in ji ta. "Barka da Sallah, Usɗa."