Goggo Tsaf a Ɗaki Mai Lamba Tara

Shekara talatin da ɗaya Goggo Tsaf ta yi tana gyara gadajen da ba ta taɓa kwanciya a kansu ba. A masaukin baƙi na gwamnati ta yi aiki, hawa na biyu. Kullum ƙarfe tara na safe sai ta turo keken zannuwan gado, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau biyu da bayan yatsa, ta ce, "A gafarce mu, gyara ne." In ta gama ɗaki takan ja da baya ta ƙare masa kallo, ta ce, "Tsaf." Daga nan sunan ya bi ta, har 'ya'yan cikinta da shi suke kiranta.

'Yar gajeruwa ce mai zafin nama, ba ta da yawan magana. Ta gado take sanin baƙo. Wanda ya kwana da damuwa, zaninsa a murɗe yake kamar igiyar shanya. Wanda ya samu barci kuwa, gurbi ɗaya za a tarar a katifa. Da wannan aikin ta reni 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Da gwiwoyi suka fara yi mata gardama, aka sallame ta da takardar yabo da agogon bango, ta shiga layin 'yan fansho.

Ta shekara biyu a gida, ta gyara duk abin da zai gyaru, sai rana ɗaya ta ce tafiya za ta yi. Akwai wani otal a wani gari na bakin ruwa, ta taɓa ganin hotonsa a jikin kalandar da wani baƙo ya manta. Kwana uku take so ta yi a cikinsa.

Ƙaninta tela ne, shagonsa na jikin gidanta, kuma babu abin da za a yi a zuriyar bai sa baki ba. Da labari ya iso masa, sai ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki.

"Yaya, wa za ki gani a can?"

"Ba kowa."

"To me za ki je yi?"

"Kwanciya."

"Nan ba ki da gado ne?" Ya zare tabarau ya ajiye. "Fansho fa na magani ne da cefane. In gwamnati ta ji 'yan fansho sun fara kwana a otal, cewa za ta yi abin ya yi muku yawa, ta zaftare. Ki ja wa tsofaffi gaba ɗaya. Kuma hutu ai na mai aiki ne. Ke da kullum a zaune kike, hutun me za ki yi?"

Wannan ta ƙarshen ta yi mata zafi, don ita ma ta sha faɗa wa kanta haka. Amma duk manyan da ta yi wa gyara, babu wanda aka taɓa tsarewa da tambayar wa zai gani. Abin da take so ƙarami ne, har kunyar faɗinsa take ji: sau ɗaya dai a rayuwarta ta ji ƙwanƙwasar nan tana daga ciki. Ta shige gida ta ɗauko jaka.

Babbar 'yarta, malamar makaranta, ita ta raka ta tasha. Mota na shirin tashi ta leƙo ta taga ta ce, "Goggo, don Allah ki huta. Kar ki je ki ƙwace musu tsintsiya."

Ɗaki mai lamba tara aka ba ta. Tagarsa na kallon ruwa, ga kwale-kwale biyu ɗaure a gindin bishiya. Kafin ma ta ajiye jaka ta shafa saman kabad da yatsa, ta duba, ta gyaɗa kai. Ko wace ce mai gyaran ɗakin nan, ta san aikinta.

Washegari da asuba hannuwanta suka riga ta tashi. Ta ja zani ta naɗe kusurwa huɗu, ta bubbuga filo, ta goge madubi. Tawul ɗin otal ko taɓa shi ba ta yi ba, da nata ta zo don kada ta ɓata musu. Sabulu ma haka. Ta tura jakarta cikin kabad, ta ja da baya ta ce, "Tsaf." Sannan ta fita bakin ruwa tun kafin takwas, ta zauna tana kallon masunta, ta ma manta da batun ƙwanƙwasa.

Da hantsi ta dawo, tana hawa bene ta ji faɗa. Shugabar masu gyara ce, da tarin makullai a ƙugu, ta tsare wata mata mai matsakaicin shekaru a jikin keken zannuwa.

"Ina zanin lamba tara? Akwai baƙuwa a ɗakin, ba zani, ba tawul. Ba ki shiga ba ke nan."

"Wallahi na shiga, ranki ya daɗe. Ɗakin kamar ba a kwana ba."

"Aljani ne ya kwana? In kin gaji da aikin ki faɗa, masu so na nan."

Goggo ta tsaya cak a kan bene. Ita da ta fi kowa sanin dokar: zani mai datti shi ne shaidar mai gyara, in babu shi a ɗakin wanki, to ba ta yi aiki ba. Kunya ta rufe ta kamar ta nutse. Ta matsa ta ce, "Ni ce aljanin. Ni na gyara, ba laifinta."

Shugabar ta yi 'yar dariyar da ake yi wa baƙi, ta ba da haƙuri, ta wuce makullai na kaɗawa. Mai gyaran ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Mama, don girman Allah ki bar mini aikina." Ta ɗago ta dubi Goggo. "Amma wa ya koya miki naɗe kusurwa haka?"

"Hawa na biyu. Shekara talatin da ɗaya."

Matar ta saki baki tana kallonta, daga takalmi har goshi. "Kuma kika zo kika kama ɗaki? Da kanki?"

"Da fanshona."

"Ashe ana yi," in ji ta a hankali, kamar da kanta take magana. Ta tura kekenta ta tafi, tana waiwayowa.

Safiya ta biyu ita ce aiki mafi wuya da Goggo ta taɓa yi. Ta tashi ta bar bargo a ture, filo ɗaya a ƙasa. Ta yi wanka da sabulunsu, ta goge jiki da tawul ɗinsu, ta rataye shi a karkace, zuciyarta na cewa gyara mana. Sau biyu ta kai hannu kan zanin tana janyewa. Daga ƙarshe ta zauna a kujerar bakin taga, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyi, ta juya wa gadon baya.

Ta ji ƙarar keken tun daga lamba bakwai. Ta ji an rufe takwas. Sai taya ta tsaya a bakin ƙofarta, aka ƙwanƙwasa sau biyu da bayan yatsa.

"A gafarce mu, gyara ne."

Goggo ta juyo ta dubi ƙofar. Ba ta zaci abin zai zo mata da hawaye ba, sai da ta share ido sannan ta ce, "Shigo."

Mai gyaran ta shigo da sabon zani a kafaɗa. Ta ɗauke filon daga ƙasa, ta yaye bargon, ta tsaya tana duban katifar.

"Gurbi ɗaya," ta ce. "Mama, kin samu barci."

"Na samu," in ji Goggo Tsaf. Ba ta tashi daga kujerar ba.