Bello Dardidas, Wanda Ya Raba Duniya Gida Uku

Ku da kunka san Bello Dardidas, ku gaya mini gaskiya: akwai wanda ya taɓa ganin ya ɗauki abu da hannunsa bai fara faɗin ko mace ne ko namiji ba? Babu! Ko kasuwar Goronyo munka shiga, sai ya tsaya gaban tarin albasa, ya zaɓi guda, ya ɗaga ta sama yana juya ta, ya ce, "Die Zwiebel. Mace ta." Mai albasa ya ce, "Malam, saye za ka yi ko suna za ka raɗa mata?" Shi kuwa sai ya ajiye ta a hankali ya wuce, don dama ba saye ya kawo shi ba.

A Jamusanci, in ji shi, kowane suna yana tafe da ɗan rakiya a gabansa: der in namiji ne, die in mace ce, das in ba ko ɗaya ba. Kunnenmu dar, di, das ya ji. Mutanen Wurno sunka haɗa su wuri guda sunka laƙaba masa, har akwai jikokinsa da ba su san sunansa Bello ba.

Ni Garba taubashinsa ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka bawana ne tun ran da anka haife shi, ni kuma ubangidansa. To bari in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa: shekara arba'in na yi ina ƙyashin mutumin nan. Ba ƙyashin wasan taubasai ba, na gaske, irin mai hana tuwo wucewa.

Ga mafari. Tare munka fara aikin gyaran injin ban-ruwa a fadamar Wurno, ƙarƙashin wani injiniya Bajamushe. Ni ne gwani, kowa ya sani. Da kunne nake gane ciwon inji. Bello kuwa in ka ce ya miƙo sifana mai lamba goma, sai ya kawo uku ya ce ka zaɓa. Sai anka ce za a tura mutum ɗaya Jamus ƙaro ilimin aiki. Wallahi har na kai wa tela yadi. Ranar nan ina kwance ƙarƙashin inji, baƙin mai na ɗiga mini a ido, Baturen ya nuna inji ya ce "der Motor", ya nuna famfo ya ce "die Pumpe". Bello, da ba abin da yake yi sai riƙon gwangwanin noti, ya tambayi tafinta mi ya raba su. Anka bayyana masa. Sai ya tafa hannu ya ce, "Ashe miji da mata na! Shi yas sa in ya yi hushi ita ba ta ba da ruwa!"

Bature ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Bayan sati biyu takarda ta fito da sunan Bello. Ni kuwa anka bar ni da sabuwar riga da baƙin mai.

Wata tara ya yi ya dawo da kwat mai nauyin buhun gero, da littafin Jamusanci guda mai koren bango. Sifana kuwa har ya mutu bai gane lambarta ba.

Tun daga nan majalisarmu ta gindin dogonyaro ta zama makaranta. Wata la'asar yana bayanin gidajensa uku, Baba Alhaji Isa, babban dillalin albasa kuma dattijon majalisa, ya katse shi.

"Tsaya, Bello. Mace mun sani, namiji mun sani. Wanga na ukku, wa ka ciki nai?"

"Wuƙa na ciki, Baba. Doki na ciki. Yarinya ma na ciki, das Mädchen."

"Yarinya? Ɗiya mace?"

"Ita hwa."

"La'ilaha illallahu! To in anka zo neman aurenta, mi za a ce ana nema?"

Na ga dama ta samu. Na gyara zama na ce, "Bawana, tunda mutanen ga sun rikice haka, gaya muna rana. Mi ta?" Na tabbata zai ce das a yi masa dariya.

"Die Sonne. Mace ta, awa tamu ta Hausa."

"Wata hwa?"

"Der Mond. Namiji na, awa namu."

"Jaki?"

"Der Esel."

Baba Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "A'a, ashe mutanen ga na da hankali. Yarinya ɗai sunka kuskure." Majalisa ta ɗauki sowa, ana ta miƙa wa Bello hannu. Tarkon da na ɗana shi ya ƙara masa girma! Bai bar ni haka ba kuma. Ya buɗe littafin, ya yi kamar yana bin layi da yatsa, ya ɗago ya ce, "Kai kau, ubangidana, na duba ka. Ba ka cikin der, ba ka cikin die." Daga ranar har matata in ta ji haushina Das take ce mini.

Abin bai tsaya kan gida uku ba. Ashe 'yan rakiyar nan sauya riga suke yi gwargwadon aikin da sunan ke yi cikin magana. Wannan ne ya kusa raba shi da majalisa. Wata rana ya iso ya tarar da dattawa cike da tabarma, ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Namiji guda, der Mann. Amma in kunka taru hakanga, die Männer. Dut kun koma die."

Baba Alhaji ya ce, "Die ba ita ta ta mata ba?"

"Ita ta."

Tsohon nan ya miƙe. Ya naɗe buzunsa, ya koma gindin wata bishiya can gefe ya zauna shi kaɗai. Kwana uku yana haka. Duk wanda ya matso gaishe shi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan! Kada mu taru."

Mutum ɗaya na san ta taɓa kayar da shi, matarsa Luba. Kun san Bello da riƙo. Sabulu sai ya yanka shi gida huɗu, ashana kuwa ƙirga ta yake yi da ido. Ina gidan wata rana da hantsi, ya dawo daga gona da albasa guda biyu a aljihu. Luba ta miƙo hannu, sai ya janye.

"Luba, kin san mace die Frau ta. Amma da na miƙa maki abu, kin koma der Frau. Hakanan dokas su take, wadda anka ba, der ta."

Luba ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Allah sarki, Malam! Ashe shekara talatin tausayina kaka ji. Shi yas sa ba ka taɓa ba ni ko zane ba, kada in wayi gari da gemu!"

Na yi dariya har na faɗo daga kan turmi. Kwana bakwai ina yawo da labarin nan daga Wurno har Rabah. Amma ku ji ikon Allah: duk inda na ba da shi, sai a ce, "Kai, Dardidas akwai ilimi, har matatai ta iya." Ni dai ban taɓa cin riba a kansa ba.

Sai shari'ar Giyawa. Mun je ta'aziyya garin Giyawa, a kan hanya wani ɗan kabu-kabu da jakin wani manomi sunka yi karo. Mai babur ya ce jaki ne ya afka masa, mai jaki ya ce babur ne ya bi ta kan dabbarsa. Ni ina baya ina fama da takalmina da ya tsinke, Bello ne ke kusa, don haka anka kai shi gaban mai gari a matsayin shaida. Ya miƙe, ya gyara kwat ɗinsa cikin zafin nan.

"Ranka shi daɗe, da Jamus muke da shari'ag ga ta ƙare tun kahin a zauna. Can wanda yab buge, der na. Wanda anka buge, den na. In kac ce der Mann, den Esel, mutum yab bugi jaki. In kac ce der Esel, den Mann, jaki yab bugi mutum. Ko ka juya magana gaba da baya, mai laihi ba shi ɓacewa."

Mai gari ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Madalla da wanga harshe! To, Malam, cikin biyun ga wa na der?"

"Ranka shi daɗe, ban gani ba. Ina duban littahi."

Ko a nan, maimakon a kore shi, sai mai gari ya sa anka kawo masa fura, ya ce ya ƙara maimaita masa zancen der da den. Ni da na gyara wa ɗan kabu-kabu babur ɗinsa a tsaye, ko ruwa ba a ba ni ba.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarun baya kaɗan wata Bajamushiya ta zo Goronyo tana binciken yadda muke adana albasa a rudu, wato rumbun kara da muke yi mata. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Da na ji labari ban yi barcin rana ba. Na daɗe ina zargin bawana sunaye kawai ya haddace, bai iya magana ba. Ni da kaina na goya shi a babur ranar kasuwa, na tara mutane, na ce yau za a ji Jamusanci daga tushe.

Ta yi murna, ta buɗe baki ta zubo masa magana kamar an buɗe dam. Bello ya tsaya. Na ga zufa ta tsattsafo a ƙarƙashin hularsa. Ko kalma ɗaya bai kama ba. Ni kaɗai na lura, don ni na san fuskarsa tun muna yara. Daɗi ya cika ni har wuya. Baba Alhaji ya ce, "Mi tac ce, Bello?" Na buɗe baki zan ce bai sani ba.

Sai ga wata Bafillatana ta ratso da ƙwaryar man shanu. Bello ya yi wuf ya nuna ƙwaryar, ya dubi baƙuwa da alamar tambaya. Ta ce, "Der Butter."

Ya ɗaga yatsa. Muryarsa ta dawo. "Die Butter!"

Matar nan ta rufe baki, fuskarta ta yi ja, ta fashe da dariya. Ta ce da 'yar Hausarta, "Gaskiya ne! A ƙauyenmu muna cewa der, kakata haka take faɗi. Malamin makaranta kullum yana gyara mini. Wannan tsoho ya fi ni!" Don ta sauya zance sai ta nuna tarin albasa ta ce, "Albasa ya yi tsada bana."

Bello ya ce, "Ta yi tsada, ɗiyata. Can mace ta, nan ma mace ta."

Kasuwa ta kaure. Har yau akwai masu rantsuwa cewa Dardidas ya koya wa Bajamushiya Jamusanci da Hausa a zama ɗaya.

A hanyar komawa mun yi nisa bisa babur. Sai na ji ya matso bakinsa kusa da kunnena.

"Garba, ka gani ko?"

"Na gani."

"Za ka hwaɗi?"

"Ina tunani."

Tunanin nan na yi ta yi har ya kwanta ciwo bara.

Na je duba shi wata safiya, na tarar an fito da shi inuwar zaure ya rame ƙwarai. Na zauna ina tsokanarsa yadda munka saba. Ban san yadda anka yi ba, sai na ji bakina ya ce, "Bawana, ka san kujerata kac ci. Ni ya kamata in tahi." Karo na farko ke nan da na faɗa masa.

Ya dube ni. Ya ce, "Na sani. Da ka tahi, da ya hi." Ya huta, sannan ya ci gaba. "Can ba mai yi man magana, Garba. In an tashi aiki sai ɗaki, sai sanyi, sai littahi. Ina cikin wata na biyar Inna tar rasu. Takarda ba ta ishe ni ba sai da anka yi arba'in. Kai kaɗ ɗauke ta, kai kas shiga kabari kag gyara mata kwanciya. Kullum nig gane ka sai in tuna hannunka yat taɓa ta daga ƙarshe, ba nawa ba. Shekara arba'in ina jin zahinka bisa wanga."

Gwaggona ce, na yi abin da ya wajaba, ban taɓa ɗauka wani abin ƙyashi ba ne. Na kama hannunsa, munka zauna haka har rana ta cinye inuwar zauren, Luba ta leƙo ta ce a mai da shi ciki.

Bayan kwana tara ya cika. Ni na shiga na gyara masa kwanciya.

Allah ka jiƙan Bello ɗan Gwaggo. Ka yafe masa, ka yafe mini abin da na riƙe a zuciya a kansa. Ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da mahaifiyarsa a gidan da ba a rabuwa. Amin.